Famfon da Ya Tsufa a Rumbu

A Rijiyar Anza, wani ƙauye da ke yamma da Tanut, babu wanda zai rantse maka cewa ya taɓa ganin Mato direba ya shanye shayi yana zaune. Kofin farko a tsaye yake kurɓe shi, na biyu a bakin ƙofar mota, na uku kuwa sai dai a ba wani. A masallaci liman na sallamewa, in ka waiga sai ka tarar da gurbinsa. In kuma ka fara yi masa magana, kafin ka kai tsakiya ya ce, "Na gane, na gane," ya wuce abinsa. Sau da yawa fa bai gane komai ba.

Ya ba shekara hamsin baya, dogo ne siriri, mabuɗai na kacau-kacau a aljihunsa duk inda ya sa ƙafa. Ubansa manomi ne na gaske, irin mutanen Damargun nan da za su yi wata guda gindin aduwa suna duban gabas, suna jiran hadari, ko tsaki ba za ka ji sun yi ba. Mato bai gaji wannan ba ko kaɗan. Noma biyu ya yi ya jefar da hauya, ya bi manyan motoci. Shekara goma sha biyar yana ja wa wani Alhaji babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, daga baya ya sayi tasa ƙarama, tsohuwa mai buɗaɗɗen baya, ya koma bin kasuwanni: Tanut, Gangara, Belbeji. Mutane, awaki, buhunan gero, daurin cuku, duk abin da ya samu ya loda.

A zamanin babbar motar ne abin da ya sauya masa kai ya faru. Wata rana ta mace masa a daji, arewa da Adarbisanat, da lodin albasa. Wani ɗan ƙarfe ne ya karye, bai fi tafin hannu ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin motar nan yana jiran a aiko da shi, albasa na ruɓewa a kansa. Wani zai ce ai an yi haƙuri an wuce. Mato dai ya ce gara a kai shi gidan kaso da a sake sa shi irin wannan zama. Nan ya yi rantsuwa cewa ba zai ƙara jiran kayan mota ba har ya mutu, kayan mota ne za su riƙa jiransa.

Ya kuwa cika rantsuwarsa, har ya zarce. Duk zuwan da zai yi Damagaram ko Kano, sai ya dawo da wani abu a kwali, ko da kuwa na jikin motar lafiyarsa lau. Ƙarƙashin gado ya cika, bayan ƙofa ya cika. Da matarsa Fadimata ta tarar da wani ƙarfe mai maiƙo cikin kwallar da take ajiyar tufafin sallah, ta ce wallahi ko ita ko su. Sai ya kwashe komai ya zuba a ƙaramin rumbun da ke bayan ɗaki. Don kada ruwa ko gara su taɓa masa dukiya, ya yaye jinkar rumbun, ya kifa masa murfin injin wata matacciyar mota, ya danne da duwatsu. Ya daɗe yana alfahari da wannan dabara. Bai taɓa tsayawa ya sa hannu ciki da tsakar ranar bazara ba, balle ya ji yadda rumbun yake komawa tanda.

Mai gyara masa mota kuwa mutum ɗaya ne tun da ya saye ta: Bulus, Kirista ɗan Damagaram, wanda ya yi shekara talatin a Tanut yana da gareji a bakin godoro, wato titin kwalta. Gajere ne mai kauri, mai magana a hankali, sai ya goge hannu da tsumma kafin ya ba ka amsa. Ka ji haɗi! Mutane kan zo bencin garejin don kawai su kalli yadda su biyun ke ƙarewa. Bulus yana da ƙa'idoji biyu da kowa ya sani. In kai ka kawo kayanka daga waje, ba zai ƙi ɗaura maka ba, amma noti na ƙarshe da hannunka za ka ɗaure shi, a gaban duk wanda ke zaune, don gobe kada a ce aikin Bulus ne. Na biyu, duk abin da ya cire a motarka, komai mutuwarsa, sai ya sa maka a buhu ya ba ka, ba ya riƙe ko ƙusa. Mato ya ɗaure notin ƙarshen nan ya fi sau hamsin, yana yi yana mita. Buhunan tsofaffin kaya kuwa ba ya ko buɗe su, a bayan gida yake watsarwa.

To, a bazarar da ake magana, ciyawa ta ƙare da wuri. Shanun gidan Mato suna hannun wani Bafulatani, Juli, amininsa tun suna samari, can cikin kwarin Tarka, inda ɗan sauran busasshen haki ya rage. Ana nan sai rijiyar wurin ta rufta. Juli ya sa ƴan'uwansa suka kora masu ƙarfi zuwa wata rijiya mai nisan yini guda, shi ya zauna da huɗu da ba za su iya tafiyar ba. Mato ya ɗauki nauyin kai musu ruwa, tano shida, wato manyan gangunan ƙarfe, a bayan mota, duk bayan kwana biyu.

Cikin huɗun nan akwai Ta-Inna. Jar saniya ce, ta Fadimata, jikar saniyar da uwar Fadimata ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji. Uwar ta rasu, ƴan'uwan saniyar fari ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai ta rage, ga ta kuma da tsohon ciki. Fadimata ba mace ce mai yawan roƙo ba. Shekara talatin tana zaune da mutumin da ba ya bari ta ƙarasa zance, ta saba ta faɗi abin da ke ranta da kalma biyar. Amma kan saniyar nan kullum sai ta tambaya.

Ranar Laraba ya kai ruwa. Ranar Juma'a ya kamata ya koma, sai ga motar tana ɗigar da ruwa ta gaba, allurar zafi tana hawa. Da kyar ya lallaɓa ta zuwa gareji bayan la'asar. Tun Mato yana hanya Juli ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira shi, ya ce ruwa ya ƙare tun daren jiya.

Bulus ya leƙa, ya shafa, ya goge hannu.

"Famfon ruwa ne," ya ce. Wato abin da ke zagaya da ruwa cikin inji don kada ya ƙone. "Robar ciki ta mutu. Amma jikinsa garau yake, na asali ne, yanzu ba a samun irinsa. Bari in kira Damagaram a sako mini roba da sauran ƴan kayan cikinsa a motar safe. In Allah ya kai mu azahar gobe..."

"Azahar!" in ji Mato. "Azahar ka gama, sannan in je in bi layin ɗiban ruwa a foraji, sannan in kama hanya? Shanu na can ba ruwa, Bulus!"

"Na ji. Abin da nake so in ce..."

"Na gane. Ina da sabo dal a gida, cikin kwalinsa. Cire wannan kawai."

"Yaushe ka saye shi?"

Ina! Mato ya riga ya tare ɗan kabu-kabu, ya ɗare bayan babur.

Gari na wayewa yana cikin rumbu har ƙugu, yana ta watso kwalaye waje. Fadimata na tsaye riƙe da tsintsiya tana kallon ikon Allah. Can ƙasa ya samo shi. Kwalin ya koɗe, rubutun jikinsa ya tashi, amma da ya buɗe sai ƙarfen ya yi walƙiya. Ya ɗaga mata shi sama.

"Kin gani ko? Ku da kuke cewa na haukace. Shekara bakwai yana nan yana jiran wannan ranar!"

"Baban Sakina," ta ce, "ni dai ta sha ruwa."

"Yau ɗin nan za ta sha har ta bari."

A gareji Bulus ya karɓi famfon, ya juya shi da yatsa a kusa da kunnensa, ya sake juyawa. Ya sa farce ya danna robar ciki. Ya shinshina. Mato na ta zagaya shi, ya je bakin godoro ya dawo, ya duba waya, ya dawo.

"Mato, ina ka ajiye wannan?"

"A rumbu. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

"Rumbun nan mai murfin ƙarfe?" Bulus ya girgiza kai. "Sabo ne a ido, amma ya tsufa a zaune. Rana ta dafa shi. Taɓa robar ka ji, ta zama ƙanzo. Maiƙon ciki ma ya bushe, ba ka ji yana gurnani ba? Ka ba ni zuwa azahar."

Ƴan benci suka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ɓata komai. Fuskar Mato ta haɗe. Ba famfon kaɗai aka taɓa ba, rumbunsa aka taɓa, da rantsuwarsa, da shekarun da ya yi yana tara kayan nan mutane na yi masa kallon taɓaɓɓe.

"Wato sabon da ba a taɓa ɗaurawa ba shi ne matacce, tsohon da ke zubar da ruwa shi ne mai rai? Kai dai ka fi son a riƙa jiranka. In ba za ka ɗaura ba, ka faɗa mini in nemi wani."

Maganar ta yi wa Bulus zafi, an ga alama, don sai da ya daɗe yana goge hannun da babu komai a jikinsa. Sannan ya ɗaura famfon tsaf, yadda zai ɗaura na asali, ya bar noti guda, ya miƙo sifana.

"Bismillah. A gaban jama'a."

Mato ya fizga ya ɗaure, har yana ƙara masa ƙarfi don haushi. Aka ta da mota, ko ɗigo babu. Ya dubi ƴan benci ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ya ja.

A foraji, wato rijiyar burtsatse, ya tarar da layi har bayan katanga: amalanke, jakuna, mata da bidoji, jarkokin ruwa. Ya roƙa, ya yi faɗa, ya taya wani ɗora kaya don ya yi saurin matsawa, duk da haka bai cika tanonsa shida ba sai da aka yi kiran azahar. Azahar ɗin dai da ya raina. Ya yi salla a gurguje ya hau godoro.

Hanyar dole ta gaban gareji ta bi. Tun daga nesa ya hango Bulus tsaye a tsakiyar titi da buhu a hannu, yana ɗaga masa hannu. Ya rage gudu, amma bai tsaya ba.

"Mato! Tsohon naka ne, na..."

"Na gane! Jefa a baya!"

Bulus ya bi motar da ɗan gudunsa na mai ƙiba, ya wurga buhun ya faɗa tsakanin tanoni, yana ta faɗin wani abu da ƙarar inji ta haɗiye. Mato ya yi tsaki. Mutum da ƙa'ida sai ka ce jandarma! Shanu na mutuwa, shi ta mayar da mataccen ƙarfe yake yi. Ba a jima ba waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba, Bulus. Ya mayar. Ta sake yi, ta sake yi. Da ya sauka daga godoro ya shiga rairayi, layin ya ɗauke, ya ce alhamdu lillahi, kunnensa ya huta.

Ya ci fiye da rabin hanya lafiya. Har ya fara shirya abin da zai gaya wa ƴan benci in ya dawo. Sai ya ji warin ruwan zafi. Ya dubi allura, ta tashi tsaye. Ya tsaya ya buɗe gaban motar, ga ruwa nan yana tsiyaya ta ƙasan sabon famfo, daidai inda Bulus ya danna da farce.

Ruwa dai ba shi ne matsala ba, yana da tano shida. Ya hau baya, ya shure buhun Bulus gefe da ƙafa don ya sami wurin tsayawa, ya ɗebo bido guda ya ɗura. Ya yi ƴar tafiya, ya tsaya, ya ɗura. Ya sake yi, ya sake tsayawa. A karo na biyar sai ya ji wani ƙara mai tsinka zuciya, ƙiiii, sannan fat! Famfon ya cije, bel ya tsinke. Yana da wani bel ɗin a bayan kujera, har biyu ma. Yana da matatar mai, yana da tiyo, yana da wayoyi da fitilu. Amma bel ba ya juya famfon da ya cije.

Ya tsaya a tsakiyar kwarin nan, ba gida gaba ba gida baya, rana ta karkata, tumfafiya kaɗai ke kallonsa. Ruwa tano shida na ta kwal-kwal a bayansa, shanun da aka ɗebo wa shi suna can gaba, tafiyar da mota za ta yi a awa guda. Ya zagaya motar ya fi sau goma. Ya hau kanta ya ɗaga waya sama, babu layi. Ya tuna zaman Adarbisanat. Bai ƙara minti ɗaya ba, ya ɗauki gora ya kama tafiya.

Da magariba ya isa wani zangon Buzaye. Suka ba shi fura, suka ce ba su da amalanke, raƙumansu kuma sun tafi rijiya, amma akwai wani ƙauye kudu. A can ya kwana, in za a kira wannan kwana. Da asuba ya sami wani mai amalanken shanu, Abdulgafar, mutumin kirki, sai dai Allah ya zuba masa sanyin jiki. Sai da ya ba shanunsa dusa, ya gyara igiya, ya koma gida ya ɗauko hula. Mato kamar ya ɗauki amalanken a ka.

Suka koma wurin mota, suka mirgino tano biyu, don shanun ba za su ja fiye da haka cikin rairayi ba. Sannan aka fara tafiyar da Mato ba zai manta ba. Shanu na taku ɗaya ɗaya. Ya wuce gaba har ya ɓace, ya dawo. Ya tura amalanken ta baya. Ya roƙi Abdulgafar ya sa bulala, shi kuwa ya ce, "Malam, in na kashe nawa a hanya, wa zai kai wa naka?" Ranar Lahadi ce, rana tana dukan ƙeya, iska ko motsi ba ta yi.

La'asar ta yi sanyi suka hango bukkar Juli. Shanu uku suka taso da kyar, suna tangaɗi, suka nufo warin ruwa. Mato ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sai idonsa ya kai kan wata ƙaya, an shanya nama a jikinta siri-siri, ga jar fata an baje a ƙasa an danne da duwatsu.

Juli bai tashi daga inda yake tsugune ba.

"Da hantsi ta kwanta," ya ce. "Na ɗaga ta, ta koma. Ta san kukan motarka, Mato. Tun jiya kanta na wajen hanyar nan, ko iska ta kaɗa sai ta ɗaga kunne. Da azahar na ga idonta ya juye, na ce kada ta tafi a banza, na sa wuƙa. Ɗan cikin mace ce. Ja, irin uwar. Na binne ta can."

Mato ya juya wajen amalanke. Ya kwance tano da hannunsa ya zuba wa ukun, yana tsaye yana jin yadda suke zuƙa. Wallahi da ana mayar da rana baya da kuka, da ya yi a wurin. Daga nan ya hau tudun Juli. Layi na shigowa saƙonni suka yi ta faɗowa, kiran Bulus har goma sha ɗaya. Ya kira shi.

"Motar ta mace a kwari, kusa da tsohuwar rijiyar Buzaye. Ka zo da famfo."

"Mato, tsaya, ba ka..."

Ya kashe wayar. Ba ya son ya ji "ai na gaya maka", ba a ranar ba.

Da hantsin Litinin amalanke ya sauke shi wurin motar. Bulus ya riga shi isowa a kan babur, yana zaune a inuwar taya, ƙura ta yi masa fari fat. Babu komai tare da shi sai jakar sifanu.

"Ina famfon?" in ji Mato. "Ka taso tun daga Tanut hannu biyu?"

Bulus ya dube shi. Sannan ya miƙe, ya taka taya ya hau bayan motar da nishi, ya sa hannu tsakanin tanoni ya jawo buhu. Ya sauko ya zazzage shi a kan rairayi, a gaban ƙafafun Mato.

Tsohon famfon ne, an wanke shi tas. Sabuwar roba baƙa wuluk a cikinsa. An yanka masa takardar da ake sawa tsakaninsa da inji, an naɗe a leda. Har da sifana mai lamba goma sha biyu, ɗaure a jikinsa da tsumma.

"Motar Damagaram ta iso da hantsi, kana foraji," in ji Bulus. "Na san naka ba zai kai ka ba. Na haɗa wannan, na ce in ya mutu a hanya ka ɗaura da kanka, ai ka iya. Aikin awa ɗaya ne. Shi nake gaya maka a bakin titi. Shi nake kiranka in gaya maka. Jiya ma shi ne."

Awa ɗaya. Mato ya yi lissafin da bai so yi ba. Ranar Asabar kafin magariba da yana wurin Juli. A lokacin tana tsaye da ƙafafunta, kunnenta na wajen hanya. Ya dubi buhun, ga shatin takalminsa nan a jiki, inda ya shure shi. Ya zauna a rairayin.

"Ta mutu, Bulus. Ta Fadimata."

Bulus ya cire hularsa ya riƙe. "Allah ya ba da haƙuri," ya ce. "Ni ma da na sani da na kwanta maka a gaban mota."

Ya mayar da hular, ya shiga aiki. Bai cika awar ba ma. Da ya zo noti na ƙarshe, Mato ya miƙo hannu don sabo. Bulus ya janye sifanar.

"A'a. Wannan nawa ne."

Suka kai wa Juli sauran tano huɗun, suka ɗora babur a baya, suka juyo. Allura ko motsi ba ta yi ba har gida. Duk tsawon hanyar Mato bai wuce gudun da amalanke mai kyau zai yi ba, Bulus kuma bai tambaye shi dalili ba.

Labari ya riga shi isa Rijiyar Anza, don a ƙasar nan mutuwar saniya ba ta ɓoyuwa. Ya shiga gida da la'asar riƙe da igiyar wuyan Ta-Inna, fatar da naman ya bar su a mota, ya kasa shigowa da su. Kwalayen da ya watso ranar Asabar suna nan zube a gindin rumbu, ba wanda ya taɓa. Fadimata na bakin murhu tana tankaɗe. Ba ta yi kuka ba, ko ta riga ta gama ne, oho. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta tsuguna ta ajiye.

Tun daga kwari yake shirya jawabi, na foraji, da rairayi, da shanun Abdulgafar. Ya nemi jawabin ya rasa. Ya miƙa mata igiyar. Ta karɓa, ta juya ta a hannu, ta shafa wurin da wuyan saniyar ya goge har ya yi santsi.

"Baban Sakina," ta ce.

Ya yi shiru. Karo na farko ke nan a zamansu da ya tsaya yana jira ta ƙarasa, har ita kanta ta ɗago ta dube shi.

"Ta samu ta sha kafin a yanka ta?"

Yana iya cewa e. Juli ba zai tona shi ba, Bulus ma haka. Ya dubi kwanon ruwan da ta ajiye masa, cike fal, bai taɓa ba.

"Ba ta sha ba, Fadimata. Ruwan yana hannuna, abin gyaran ma yana hannuna. Ban tsaya na ji ba ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta naɗe igiyar, ta shiga ɗaki, ya ji ta buɗe kwallar tufafin sallah ta rufe. Bai bi ta ba, bai kuma fita ba. Yana nan zaune a gindin rumbu, cikin kwalayensa, har aka kira magariba.